Idan Totur Ya Maƙale: Jagora Ga Sababbin Direbobi Da Yaran Gareji

Yawancin motocin da ke jigilar mu da kayan gonarmu daga Ruwan Bago zuwa Rogo, Ƙaraye, Gwarzo ko Maƙarfi sun girmi direbobin da ke jan su. Akwai Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da a-kori-kurarta; akwai Golf 2 da Golf 3, Starlet, Carina, J5 da tsofaffin Hiace. A dukkansu, abin da ke tsakanin ƙafar direba da inji siririyar waya ce ta ƙarfe a cikin kube, sai sifirin da ke mayar da ita idan an saki feda. Ranar da wayar nan ta ƙi komawa, ka ɗaga ƙafa inji ya ƙi sauka, mota ta shiga ƙara wuta ita kaɗai, to totur ya maƙale.

Ni bakanike ne, kuma kuskuren da nake gani wajen sababbin direbobi bai cika sauyawa ba. Wani zai sunkuya yana laluben feda da hannu mota na gudu. Wani zai yi ta famfon birki har birkin ya sandare. Wani kuma zai zare makulli, sitiyari ya kulle a hannunsa. Yaran gareji su ma da nasu: a fesa mai, a ƙwanƙwasa kafireta da bayan sifana, totur ya saki, a ce, "Oga, an gama." Alhali abin da ya kama bai tafi ko'ina ba. Yana nan yana jiran ranar da mota ke cike da mutane da buhunan masara. Saboda su na zauna na rubuta wannan. Aikin kashi biyu ne: ka tsayar da mota kowa lafiya, sannan ka gano ainihin inda ya kama.

Abin da ya kamata ya kasance a motarka

Filaya ɗaya. Sukundireba biyu, mai baki shimfiɗaɗɗe da mai sita. Sifana lamba 8, 10, 12 da 13. Sifirin na ajiya irin na motarka, da wayar totur ta ajiya idan da hali, domin ba kowane gari za ka samu ba. Sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Zariya. Gwangwanin feshin wanke kafireta, tsumma mai tsabta, tsohon buroshin haƙori, tocila, da ɗan guntun waya ta ɗauri. Sai abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya.

Akwai kuma abin da ba a saya a kasuwa. Ka san inda firi yake a giyarka ba tare da ka duba ba. Ka san danni nawa makullinka ke yi kafin inji ya mutu, da inda sitiyari ke kullewa. Ka sami fili, ko na ƙwallo ne idan ba kowa, ka ja mota a hankali, ka gwada matakai uku na farko da za su zo har ƙafarka ta haddace su. A ranar da abin zai faru ba za ka sami lokacin tunani ba: motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa tana cinye mita 22 a kowace daƙiƙa.

1. Raba inji da taya

Taka kuloci har ƙasa, ka jefa giya a firi. Idan atomatik ce, ka tura giya daga D zuwa N, kuma kada ka danna maɓallin da ke jikin kan giyar, domin rashin danna shi ke hana ta zarcewa ribas.

Wannan shi ne farko saboda inji, komai haukarsa, ba ya iya tura mota sai ta hanyar giya. Da zarar ka raba su, mota ta koma gangarawa kawai, birki kuma ba shi da abokin kokawa. Amma ka shirya kunnenka: inji zai yi kururuwar da ba ka taɓa ji ba, domin an sauke masa kaya ga totur a buɗe. A nan ne yawancin sababbin hannu ke faɗawa. Su ji ƙarar, su tuna mai mota, su ce kada inji ya buga, su saki kuloci, mota ta zabura. Ƙanena, inji ana sayen wani. Bar shi ya yi ihunsa na 'yan daƙiƙu, za mu zo kansa a mataki na 3.

Idan hanya a miƙe take kuma ba kowa gabanka, bayan ka shiga firi kana iya sa yatsun ƙafa ƙarƙashin feda ka ɗago ta sau ɗaya. Ta dawo, falillahil hamdu. Ba ta dawo ba, ka rabu da ita. Kanka dai kada ya sauka ƙasa da sitiyari, idonka kada ya bar hanya.

2. Taka birki sau ɗaya, da ƙarfi, ka riƙe

A aikace wannan da na farko tare suke tafiya: hagu a kuloci, dama a birki. Abin da nake so ka fahimta shi ne dalilin da ya sa aka hana famfo.

Buɗe bonet ka dubi baƙar tukunyar nan da ke bayan mastar birki. Ita ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi, kuma a injin fetur tana aiki ne da zuƙar da inji ke yi lokacin da totur ke rufe. Idan totur ya buɗe baki ɗaya, zuƙar nan kusan babu ita. Abin da ya rage a tukunyar ba zai wuce taku biyu ko uku ba. Duk sakin da ka yi ka sake takawa, ka zubar da wani kaso. Shi ya sa direba zai rantse maka cewa birki ya ƙi, ya zama dutse, alhali birkin lafiyarsa ƙalau, shi ne ya ƙarar da taimakon da famfo. Ko da ya sandare, yana kamawa. Sai dai yana neman ƙarfin ƙafa sosai, ka jingina bayanka da kujera ka danna.

Kuskure na biyu shi ne taka birki sama-sama ana ja da inji ba a cire giya ba. Birkin zai yi zafi, ka ji ƙauri, daga nan ya daina kamawa. A motar da ta ɗauko lodin rake ko hatsi za ta Dawanau, wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Ka kuma tabbatar birkin kake takawa. Ba raini ba ne. Wanda ya saba da mai kuloci ya shiga atomatik, ko wanda ke tuƙi da silifa mai santsi, yana iya danna totur da dukkan ƙarfinsa yana ganin birki ne. Idan kana "birki" inji na ƙara tashi, ɗaga ƙafar gaba ɗaya ka sake ajiye ta.

3. Kashe inji, amma makulli ya zauna a raminsa

Murɗa makulli baya danni ɗaya tak. A motocin Japan za ka ga an rubuta LOCK, ACC, ON, START: daga ON ka koma ACC ka tsaya. A 504 da Golf, zare makulli ke sakin ƙarfen da ke kulle sitiyari. Doka ɗaya ce ga duka: makulli ba ya fita sai mota ta tsaya cik.

Yaushe za a kashe? Ya danganta da motar. Tsohuwar mai kafireta galibi ba ta da abin da ke taƙaita gudun inji, don haka idan aka bar ta tana kururuwa a firi tana iya karya ƙarfe a ciki. Yawancinsu kuma ba su da pawa sitiyari, ba abin da za ka rasa idan inji ya mutu. Irin wannan, da ka cire giya ka ga mota ta miƙe a hannunka, kashe. Mai injekta kuwa kwamfutarta na yanke mai idan gudu ya kai iyaka, za ka ji inji na tashi yana sarewa. Idan tana da pawa sitiyari kuma kana cikin kwana ko kan gada, bar inji a kunne har ka fita daga wurin, don kada sitiyari ya yi maka nauyi a daidai inda kake bukatarsa. Masu maɓallin tayarwa irin na Toyota sai an danna an riƙe kamar daƙiƙa 3 kafin su mutu a guje.

Wani lokaci ka kashe makulli, injin da ya yi zafi ya ci gaba da tari yana jijjiga. Riƙe birki, sa giya mafi girma, saki kuloci, zai mutu. Idan ka ji salansa ta yi harbi, ɗanyen fetur ne ya kama a cikinta, kada ya firgita ka.

Masu jan Canter da sauran motocin gas, ga naku na daban. Injin gas ba ya bukatar filogi, don haka idan baƙin mai ya sami hanyar shiga wurin iska, ta lalatacciyar tobo ko don an cika shi fiye da kima, inji zai riƙa cin man kansa yana gudu da hayaƙi mai kauri, ka kashe makulli bai san kana yi ba. Maganinsa giya mafi girma, birki, a saki kuloci a shaƙe shi. Idan hakan bai yiwu ba, a toshe bakin iska da katako mai faɗi. Kada a sa tafin hannu, kada a sa tsumma, zuƙe su zai yi. Idan an kasa, kowa ya yi nisa da motar.

4. Sauka daga hanya

Kunna sigina biyu, yi hon, ka nufi gefe da sauran gangarawar da ta rage. Birkin hannu sai gudu ya ragu sosai, kuma ka riƙe maɓallinsa kana ja a hankali. Idan ka fizge shi a guje, musamman a hanyar jar ƙasa mai tsakuwa, tayoyin baya za su kulle mota ta juya. Idan birki ya gaza gaba ɗaya, nemi hawa, yashi ko kunyoyin gona. Ɓarnar shuka ana zama da mai gona a biya.

Fasinja za su ɗauki salati, wannan daidai ne. Abin da za ka hana da babbar murya shi ne buɗe ƙofa da dirowa, da kuma wani ya kai hannu sitiyari. Bayan an tsaya, a sa dutse a taya, mutane su fita ta gefen da ba titi ba, a kafa alama da nisa a baya. Idan an ji rauni a babbar hanya, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce.

5. Kafin ka buɗe bonet, duba ƙarƙashin ƙafarka

Kada ka sake tayar da inji don ka ga ko ya saki. Haska tocila wurin fedoji. Kafet da ya zame gaba, ko biyu da aka ɗora kan juna, gorar ruwa, totuwar masara, sifanar da aka manta, silifar da direba ya cire: kowanne na iya danne feda ko ya shiga bayanta.

Kada ka raina kafet. A watan Agusta na 2009, kusa da San Diego a Amurka, wata Lexus ta kwashi mutum huɗu 'yan gida ɗaya ta hallaka su, kuma bincike ya nuna an shimfiɗa mata kafet na roba da ba nata ba, ya kama fedar totur. Daga nan Toyota ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda kafet da kuma feda mai liƙewa, a 2014 kuma ta amince ta biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2. Sababbin motoci ke nan. Mu da muke yanka tsohuwar darduma mu shimfiɗa ba abin riƙewa, mu ya fi kamata mu kula. Kafet ɗaya, a ɗaure shi ta baya, a yanke gabansa ya bar wa feda fili.

Ka kuma dubi gindin fedar. Da damina ruwa da laka na shiga ta ramukan da tsatsa ta ci a ƙasan mota, su sa wurin juyawarta ya cije.

6. Raba hanyar totur gida uku

Wannan matakin ne yaran gareji ke tsallakewa, kuma shi ne gaba ɗayan aikin. Hanyar totur feda ce, da waya, da kafireta (a mai injekta, bakin iska). Idan suna haɗe, duk inda ya kama ji ɗaya za ka yi a ƙafa. Sai ka raba su za ka san mai laifi.

Inji a kashe, makulli a aljihunka. Ka yi hattara da wuyan salansa, domin bayan irin gudun nan yana iya gasa fata. Kafin ka taɓa komai, dubi yadda abin ya tsaya: hannun kafireta a buɗe yake? Waya a miƙe take tana jan sa, ko ta saki shi ne ya ƙi komawa? Wannan kallon ya fi kowane feshi amfani, kuma da ka girgiza abin ka goge shaida. Sannan ka zare kan waya daga hannun kafireta. Murɗa hannun da yatsa har ƙarshe ka saki: ya kamata ya koma da kansa ka ji ƙas. Ya koma, kafireta ta fita. Sai ka kama kan wayar, wani ya taka feda a hankali ya saki, kana ja kana saurare da yatsunka. Ka ji tana kartar wani abu ko tana tafiya tana tsayawa, zare ta daga feda ita ma, ka gwada kowanne shi kaɗai.

7. Waya

Mafi yawan abin da ake kawo mini a nan yake. Wayar totur silin ƙarfe ne da yawa aka murɗe, kuma tana cinyewa ne yadda igiyar guga ke yi a bakin rijiya: sili ɗaya ya tsinke, ya miƙe, ya soki cikin kube. Idan ka taka, silin na kwanciya ya wuce. Idan ka saki, ya turje. Shi ya sa waya ke zuwa lafiya ta ƙi dawowa. Duba bakunanta biyu da kyau, a nan take fara tsagewa. Ko sili ɗaya ka gani, wayar ta gama aiki. Kada a yanke silin a mayar da ita, kada a ɗaura, kada a yi mata walda.

Bi kuben daga bango har inji. Ka nemi inda ya lanƙwashe da yawa, inda aka matse shi da ɗauri, da inda ya kwanta kusa da salansa ya narke. A motocin da aka sauya wa inji da na wata mota, ko aka cire injekta aka ɗora kafireta, ko aka mayar da sitiyari daga dama zuwa hagu, da wuya ka sami waya daidai tsawonta. Doguwa sai an naɗe ta, gajera kuma tana nan a ɗame, inji na motsawa tana jan totur. A nemi wadda ta dace, a ƙera mata mariƙi mai ƙarfi da ke fuskantar hannun kafireta kai tsaye.

Ga wani abu da ke wahalar da mutane. A sa sabuwar waya, bayan 'yan makonni ta sake cijewa, a sake sa wata, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Taɓa wayar nan da nan bayan an tayar da inji. Idan da ɗumi, nemi kakkaurar wayar nagetif da ke haɗa inji da bodi. Ko ta tsinke, ko an manta ba a mayar ba lokacin da aka sauke inji. Idan babu ita, wutar sitata na neman hanyar komawa batir, sai ta bi ta wayar totur ta narkar da robar da ke cikin kube. Ko waya goma ka sauya, sai ka gyara wannan.

Batun mai kuma: kada a ɗura giris ko baƙin mai a kube. Ranar farko zai yi santsi. Da hunturu ya shigo, ƙura ta haɗu da shi ta zama kwaɓi, ya fi da cijewa. Wayoyi masu roba a ciki a bushe aka yi su su yi aiki. Wadda ta yi nauyi sauya ta ake yi.

8. Sifirin

Shi ke rufe totur, ba ƙafarka ba. Duba ko ya karye, ko ya zame daga ƙugiyarsa, ko ya miƙe ya mutu, ko ramin da yake maƙale ya cinye saura ƙiris. Na sha buɗe bonet in tarar an ɗaura robar tiyub a madadinsa. Roba na iya fitar da kai daga daji zuwa gari, amma zafin inji da fetur na cinye ta, kuma ba ta sanarwa kafin ta tsinke. Wasu kuma su ƙara sifirin mai ƙarfin gaske don ya rinjayi wayar da ke cijewa. Wannan rufe ciwo ne: feda ta yi nauyi, waya ta ƙara saurin tsagewa, sandar kafireta ta cinye gefe ɗaya. Abin da nake so a tsohuwar mota shi ne sifirin biyu masu matsakaicin ƙarfi, kowanne da ƙugiyarsa, yadda idan ɗaya ya tafi ɗayan zai rufe.

9. Kafireta da bakin iska

Cire tukunyar iyakilina ka leƙa da tocila. Wani lokaci za ka tarar da noti ko wasa ya faɗa ya tokare faifan da ke buɗe wa iska. Ciro shi da filaya faifan na riƙe yadda yake, kada ka ƙara buɗewa ya zarce cikin inji. Idan ba komai, dubi baƙin danƙo a gefen faifan da jikin sandarsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motoci da yawa a ƙauyukanmu sai su yi makonni a ajiye, ranar kasuwa ko kaka kaɗai ake tayar da su. Fetur ɗin da ya kwana a kafireta yana bushewa ya bar danƙo, na jarka kuma da dattinsa yake zuwa. Fesa, goge da buroshi, murɗa, sake fesawa, har ya riƙa komawa da kansa. Ba sigari, ba fitilar aci-balbal a kusa.

Kama sandar ka girgiza ta sama da ƙasa. Idan tana wasa, faifan na iya karkacewa ya ciji bango, kuma wanki ba zai yi maganinsa ba. Sai a sa mata bushi ko a nemi wata kafiretar. A mai baki biyu, duba faifai na biyu, wanda ba ya buɗewa sai an taka sosai. Direban da ke lallaɓa mai zai yi watanni bai buɗe shi ba, ranar da zai wuce tirela ya taka har ƙasa, ya buɗe ya ƙi rufewa. Duba hannun cok ma, domin yana da ɗan tsani da ke ɗaga silo, wato gudun inji idan ba a taka totur ba, da safe, idan ya cije sai inji ya ƙi sauka. A motocin da sanduna ke jan totur maimakon waya, gaɓoɓin da suka cinye na iya zarce iyaka su kulle idan an taka har ƙasa. A atomatik da 'yan Beljiyom akan sami waya ta biyu ko ta uku a hannu ɗaya, ta giya da ta na'urar riƙe gudu. Kowacce a gwada ta ita kaɗai.

Idan komai na rufewa daidai amma silo na sama, wannan wani ciwon ne: nemi tiyon da ya fashe yana shigar da iska ta bayan fage.

10. Injin sit

Idan totur na kamawa ne kawai lokacin da ka tashi da lodi a giya ta ɗaya, ko a hawa, ko wurin fita daga laka, ya kuma saki da kansa da ka taka kuloci, duba robobin da inji ke zaune a kansu. Idan ɗaya ya rabu, inji na ɗagawa gefe guda idan ya ɗauki nauyi, ya ja waya, totur ya ƙara buɗewa, inji ya ƙara ɗagawa. A 1971 kamfanin General Motors ya janye motocin Chevrolet kimanin miliyan 6.7 a Amurka saboda wannan matsalar. Hanyoyinmu masu ramuka da gargada ba sa barin robobin nan su daɗe. Gwaji: birkin hannu a ja, dutse a taya, bonet a buɗe, direba ya riƙe birki ya sa giya ya ɗan saki kuloci kaɗan, kai kana gefe kana kallo. Kada kowa ya tsaya a gaban motar. Inji ya yi tsalle, a sauya.

11. Daidaitawa da gwaji

Bayan ka mayar da waya, bar mata ɗan sako-sako, yawanci milimita 2 zuwa 3, kafin ta fara jan hannun kafireta. Direbobi na son a ɗame ta don mota ta riƙa amsawa da an taɓa. Kada ka biye musu, domin sakin nan ne ke ba inji damar motsi ba tare da ya ja totur ba. Wani ya taka feda har ƙasa, inji a kashe: faifan ya buɗe duka a daidai lokacin da feda ta taɓa ƙasa, ba kafin nan ba, in ba haka ba ƙarfin ƙafa na ƙarewa a kan waya. Ɗaure notoci biyun da ke riƙe waya. A taka a hankali a saki a hankali, a taka da sauri a zame ƙafa, rabi da kuma cikakke, sau da yawa. Mayar da iyakilina, rufe bonet, a sake, domin wani lokaci murfin ko tsumman da ke jikin bonet ne ke taɓa hannun. Sannan a tayar, giya a firi, hannunka a kan makulli. Bari inji ya yi zafi a sake gwadawa, don ƙarfe na buɗewa da zafi. Fitar farko ba fasinja.

Daga nan ka riƙa sauraron ƙafarka. Feda ta fara nauyi, ko tana ƙara, ko inji na jinkirin sauka tsakanin giya da giya, ko sai ka ɗan buga totur kafin silo ya zauna: duk sanarwa ce, kuma a ranar ake duba ta.

Saura wanda wayarsa ta lalace a daji, tsakanin Zarewa da Fulatan misali, ba ta ajiya. Na san abin da ake yi: a ɗaura igiya a hannun kafireta, a zaro ta ta gefen bonet zuwa taga, direba ko yaron mota na ja. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Igiyar na maƙalewa a bakin bonet, hannu ɗaya ya bar sitiyari, kuma idan yaro ne ke ja, mai ganin hanya daban mai ba da wuta daban. Abin da ya fi shi ne ka cire lalatacciyar wayar gaba ɗaya daga kafireta, ka tabbatar sifirin na rufewa, sannan ka ɗaura sukurun silo har inji ya ɗan tashi yadda zai iya jan mota a giya ta ɗaya da ta biyu. Fasinja su hau wata motar ko babur, kai ka lallaɓa da sigina biyu a kunne, ƙafa kusa da kuloci. Ka ƙirga zagaye nawa ka yi wa sukurun, ka faɗa wa bakaniken da zai sa sabuwar waya, don ya mayar da shi inda yake kafin ya fara daidaitawa.